Ciwon da Aka Ba Dramani Aro

Duk Bahaushen da ke Doha, in dai abin daga cibiya zuwa ƙasa yake, sunansa basir. Ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala ma basir, har wani ya taɓa rantse mini cewa basir ne ya kayar da shi jarrabawar tuƙi. Ni likitar iyali ce a wani ɗan asibiti a Al-Sadd, hawa na biyu, saman shagon masu gyaran waya. Sunana Ayishatu, 'yar Zariya. Da yake ni kaɗai ce mai jin Hausa a wurin, duk wani namu da ya gama shan saiwoyin da ake aiko masa daga gida bai ga sauƙi ba, a gaban teburina yake ƙarewa. Kuma ba sa zuwa da wuri, sai jarkar maganin ta ƙare an rasa mai tahowa da wata.

Aikina a irin wannan ba shi da wani tsawo. In saurara, in duba, in auna jini. Idan basir ne na gaske in ba da magani in hana yaji, wanda har yau ban ga wanda ya bari ba. Idan kuwa na ji abin da bai kwanta mini ba, mutum ya haura hamsin, ga jini, ga rama, ga bayan gida ya canza, to nan ba na wasa. Takarda nake rubutawa in tura shi wurin likitocin tiyatar babban hanji da dubura, su sa kyamara su leƙa. Wuri ɗaya nake turawa, don na yarda da hannunsu, kuma a can Dakta Mansur yake aiki. Yaro ne mai hankali, ɗan Katsina. Kowa a cikinmu ya san shi, kowa yana son sa, kowa kuma yana addu'ar kada Allah Ya haɗa su a wurin aikinsa.

Wata safiya sai ga Injiniya Ɗalhatu ya turo ƙofata. Aminin maigidana ne, Mas'udu, tun suna jami'a, don haka Yaya nake ce masa. Yana aiki da wani kamfanin gas, ya kusa sittin, matarsa ta rasu shekarun baya bai sake aure ba. 'Yarsa ɗaya ce a nan, Nafisa, kuma ita ce ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. Yarinyar nan yake cewa, alhali yarinyar nan 'ya'yanta uku. Mijinta kuwa shi ne Dakta Mansur ɗin da na faɗa. Shi ma ba shi da suna a bakin Injiniya, yaron nan ne. Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido. Idan Mansur ya hango shi a harabar masallaci sai ya cire takalmi ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, Larabawa suna kewaye shi suna zaton makullinsa ne ya faɗi.

Ba shi kaɗai ya zo ba. Yana tare da Dramani, mutumin zangon Kumasi, shugaban masu gadi a wani otal a Lusail. Sa'anni ne, a sahun salla suka haɗu, tun daga nan kuma in ka ga ɗaya ka ga ɗaya. Dramani ƙato ne, Allah Ya yi masa tumbi.

"Ayishatu, ga bawan Allah nan na kawo miki," in ji Injiniya. "Basir ke damunsa. Kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai."

Dramani ya zauna ya cika kujera. Injiniya ya ƙi zama, wai ya gaji da zaman mota. Ya je jikin taga ya tsaya, ya goya hannu a baya.

"Malam Dramani, me ke tafe da kai?"

"Jini, Dakta."

"Tun yaushe?"

Ya ɗaga kai ya kalli silin. "Tun bayan babbar salla."

"Ƙaramar salla," in ji Injiniya daga bakin taga. "Haka ka ce mini a mota."

"Eh, ƙaramar. Na mance."

"Jinin sai ka gama yake ɗiga, ko a gauraye yake da bayan gidan?"

Dramani ya juya ya dubi Injiniya. Injiniya yana kallon motocin da ke wucewa a titi. "A gauraye," ya gaya wa tagar.

"A gauraye, Dakta," in ji Dramani.

"Kana jin kamar ba ka gama ba bayan ka fito?"

"Kullum," in ji tagar.

Raina ya fara ɓaci. Na ce, "Haba Yaya, wai kai ne marar lafiyar ko shi?"

"Ni me ya same ni?" Ya ƙara goya hannu.

Na koma kan Dramani. "Ka rame?"

"Sosai."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Maɓallan rigar gadinsa da ƙyar suke riƙe da juna. Ya ga ina kallo, sai ya ce, "Da na fi haka."

Na ce ya hau gado in duba. Ya dafe ƙirji. Irin Hausarsu ta zango, mace da namiji duk kai ne a bakinsa. "Dakta, kai mace ne, ni kuma ina da jikoki. Wannan dai a'a." Ban matsa ba, na saba. Na sa aka ɗebi jininsa, ya fito lafiya lau. Amma labarin da aka ba ni ya ishi kowane likita ya tashi tsaye, don haka na jawo kwamfuta na fara rubutu.

"Ba magani za ki ba shi ba kawai?" in ji Injiniya.

"Ba maganin da zan ba da a kan wannan. Sai an leƙa."

"A ina?"

"Wurin su Mansur."

Ya yi tari. "Dole sai can?"

"Dole sai can, kuma da gaggawa na rubuta."

Dramani ya tambaya ta ina ake leƙawar. Na gaya masa. Ya karɓi takardar da hannu biyu. Suna sauka a matakala na ji yana cewa, "Alhaji, ba haka muka yi da kai ba." Na ɗauka rigimar wurin ajiye mota ce, na kira na gaba.

Bayan wasu kwanaki ina cin abincin rana a ofis Mansur ya kira ni. Ya gaishe ni, ya tambayi Baba Mas'udu, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, ya sake komawa kan yara. Na ce, "Mansur, shinkafata tana hucewa."

"Anti, mutumin da kika turo. Mun leƙa."

"Me kuka gani?"

"Wani ɗan tsiro ƙarami, mun cire shi nan take. Ba komai ba ne yanzu, ko da yake da an bar shi shekaru zai iya zama wani abu. Ban da shi, hanjin nan fes yake. Babu inda jini zai fito. Ko basir ɗin ma ba shi da shi."

"To ai alhamdulillahi. Mene ne na sanyin murya?"

Ya ja numfashi. "Da yana farfaɗowa daga allurar barci, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, Likita, ka rubuta maganin mai ƙarfi, don Alhaji ya ce kar in sha wannan wahala in koma masa hannu rabbana. Na ce wane Alhajin? Ya ce, surukinka mana, shi ne mai jinin, ni aro aka ba ni."

Na ajiye cokali. Sai a lokacin komai ya dawo mini: tsayuwar nan jikin taga, kaftanin da ke lilo a jikinsa, agogon da ya zamo masa har bayan hannu. Mutum ya tsaya a gabana ya karanta mini ciwonsa tiryan-tiryan, ni kuma na ɗauki ƙato mai ƙoshin lafiya na aika aka leƙa. Allah na tuba, amma zagin da na yi a zuciyata ranar ya wadaci kowa, har da ni.

"Anti," in ji Mansur, "ni na daɗe ina gani. Tun azumi. Yadda yake zama a karkace, yadda yake tashi daga falo ya daɗe bai dawo ba."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Ta ina zan fara? In ce, Baba, yaya bayan gidanka?"

"Eh! Haka za ka ce! Ba abin da kake tambayar mutane ke nan daga safe zuwa yamma ba?"

"Mutane, Anti. Ba Baba ba."

Ya ce ya gaya wa Nafisa. Ita kuma ta yi kukanta ta share hawaye, ta dafa farfesu ta kai wa mahaifinta, ta durƙusa ta ce, Baba yaya jiki? Ya ce alhamdulillahi. Binciken ya tsaya a nan.

Ku duba mini wannan al'amari don Allah. Ga ƙwararren likitan hanji, ga mai ciwon hanji, duk Juma'a suna falo ɗaya, wannan a kan kujera wancan a kan kafet, suna hirar tsadar tikitin jirgin Kano. Abin kuma yana can ciki yana girma, shi ba ruwansa da surukuta. Da fushin ya lafa sai tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, don na san abin da irin wannan labarin yakan zama, kuma na san watannin da aka riga aka zubar.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa Mas'udu ya kai ni Corniche, wurin shan iska na bakin teku, don na san a nan suke zama su biyu suna kallon jiragen ruwan katako. Mas'udu ya sauke ni ya ce zai nemo wurin ajiye mota. Bai samu ba har muka gama.

Na same su a kan benci. Injiniya yana zaune a gefe ɗaya na jikinsa, a hannunsa wata gorar roba mai ruwan ƙasa-ƙasa da wani ya taho masa da ita daga gida. Dramani yana hango ni ya miƙe, wai zai je ya sayo mana shayi.

"Zauna," na ce. Ya zauna a hankali.

Na gaishe da Injiniya yadda ya kamata, don duk fushina ban manta da tarbiyya ba. Sannan na ce, "Yaya, yaya jinin?"

"Ki tambayi mai shi."

"Shi nake tambaya."

Ya juya ya dubi Dramani. Dramani ya ɗaga hannu biyu. "Alhaji, wallahi ni ban faɗa ba. Allurar ne ya faɗa." Da ya ga bakin ya riga ya buɗe sai ya ci gaba. "Kuma ni ne na sha wahala. Sun ba ni wani ruwa mai gishiri na wankin ciki, suka ce in shanye duka, ba ci ba komai. Wuni guda ina zarya. Yarana masu gadi suna sara mini ina wuce su da gudu. A shekaruna!"

"Ai na ce maka Allah Ya saka," in ji Injiniya. Ya gyara hula, ya dube ni. "Ayishatu, ni lissafi na yi. Shekarunmu ɗaya da shi. Ciwo in an faɗe shi daidai, maganinsa ɗaya ne ko a bakin wa aka ji shi. Ke ce kika ɓata tsarin da kika kawo maganar kyamara."

"Injiniya guda! Idan bututu ya tsage a wurin aikinku, na maƙwabta kuke leƙawa?"



Na sassauta murya. Na ce masa abin da yake fama da shi zai iya zama basir, zai iya zama abin da ya fi basir, kuma ba wanda zai sani sai an gani. Na ce ba lallai sai Mansur ba, akwai wasu likitocin a wurin. Ya ce gini ɗaya ne, sunansa zai hau kwamfuta, su zauna taro su haska cikinsa a bango yaron nan yana zaune a ciki. Na ce to in tura shi wani asibitin. Ya ce garin nan duka nawa yake, duk sun san juna. Ya ce in bari ya je gida hutun ƙarshen shekara, akwai wani likita a Kano da bai san kowa nasa ba.

"Wa ya ce maka ƙarshen shekara naka ne?"

Nan ne ya fusata. 

"Yaron da ya zo ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa, na ɗauki 'yata na ba shi. Shi zan je in kwanta wa a gado in juya masa baya? Da wane ido zan sake shiga gidansa? Da wane ido zan dubi jikokina? Ayishatu, ke ba baƙuwa ba ce, kin san abin da nake faɗa. Gara in mutu da mutuncina."

Na sani ɗin kuwa. A gidan da na tashi, kakana ya taɓa hawa katanga ya dira ta baya don kada ya haɗu da surukarsa a zaure. Amma ni likita ce, kuma ina son mutumin nan kamar wanda muka fito ciki ɗaya.

"To shi ke nan, ka mutu," na ce. "Amma in tambaye ka. Wa kake da shi namiji a ƙasar nan? Ƙannenka suna Zariya, kafin su samu biza an gama komai. Ranar da aka kwantar da kai za a yi maka wanka, wa za a kira a ce ya shiga? Mansur ne. Shi zai juya ka dama, ya juya ka hagu, ya wanke inda kake ɓoye masa, yana kuka. Ganin dai sai ya yi, Yaya. Abin da ya rage maka ka zaɓa shi ne ko kana numfashi ko ba ka yi."

"Innalillahi," in ji Dramani.

Wani jirgin ruwa ya wuce cike da 'yan yawon buɗe ido, kiɗan Indiya yana tashi. Injiniya ya bi shi da kallo har ya yi nisa.  Can ya rufe gorar maganin ya miƙa wa Dramani.

"Ni an tabbatar ba ni da shi," in ji Dramani.

"Zubarwa za ka yi."

Sannan ya kafa mini sharuɗɗa, har yanzu yana kallon teku. Ranar da zai je, yaron nan ba zai kasance a ginin ba. Wani ne zai duba shi, kuma dattijo. Na ƙarshe, kada a gaya wa yaron nan komai. Na ce to. Ya san Mansur ya sani, na san ya san Mansur ya sani, amma na ce to.

Ranar Lahadi ya zo ofishina shi kaɗai, ya zauna a kujerar marasa lafiya a karkace. Jininsa ya yi ƙasa sosai. Na rubuta takardar da sunansa na gaskiya, na tura ta ga babban likitan wurin, wani dattijo Basudane mai furfura. Mansur kuwa duk ranar da Injiniya yake da ganin likita sai ya ɗauki hutu. Daga baya na ji inda yake yin hutun: a cikin motarsa, a filin ajiye motocin asibitin, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula.

Aka leƙa, aka ɗauki hotuna, aka jira sakamako. Ƙari ne a ƙarshen babban hanji, kuma ciwon daji ne. Ranar da za a yi masa bayani Injiniya ya ce in zo in yi masa tafinta, shi da ya fi ni Turanci. Na je. Dramani ma yana nan, ya saka kaftaninsa na salla.

Basudanen bai yi kwana-kwana ba. Ya ce abin bai kai hanta ba, bai kai huhu ba. Ya ce in an yi tiyata yanzu akwai kyakkyawan fata, za a yanke wurin a haɗa hanjin. Ya ce da an ƙara wasu watanni, da wata maganar ake yi. Na fassara wannan jimlar ta ƙarshe sau biyu, ko da yake ba wanda ya nema.

Injiniya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Dramani, yaron nan yana ina?"

"Yana hutu, Alhaji."

"Na ga hutun nasa a ƙasa da muka shigo. Farar mota, kusa da kwandon shara. Je ka kira shi."

Mansur ya shigo idanunsa jawur. A bakin ƙofar ofishin abokin aikinsa ya cire takalmi, ya durƙusa a kan tayil. Basudanen ya dube shi, ya dubi Injiniya, ya ja kujerarsa baya. Su ma suna da surukai a ƙasarsu.

Injiniya ya juya ya fuskanci bango, inda aka manna wani babban hoton hanji mai launi. Ya ga abin da yake kallo, ya ƙara juyawa ya fuskanci ƙofa.

"Dramani, ka gaya masa wani abokina ne ba shi da lafiya. An ce sai an yanka. Ka tambaye shi, in da mahaifinsa ne, zai yarda da hannun wannan mutumin?"

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma Dramani ya gyara murya ya maimaita komai, bai rage ko kalma ba.

Mansur ya amsa wa tayil. "Ka gaya wa Baba, wannan shi ya koya mini aikin. In da mahaifina ne, shi zan kai wa. Ni ƙa'ida ba ta ba ni damar in riƙe wuƙa a kan..." Ya tsaya. "A kan abokin Baba ba. Amma in an yarda, zan tsaya a ɗakin daga farko har ƙarshe."

Dramani ya isar. Har na fara shirin sake wata rigimar, sai Injiniya ya yi magana.

"Ka ce masa abokin nawa ya yarda," ya ce. "Amma ya tsaya ta wajen kai."

"Ta wajen kai," in ji Dramani.

"Ta wajen kai," in ji Mansur.

Safiyar tiyata duk muna nan, ni da Mas'udu da Nafisa da Dramani. An sa wa Injiniya rigar nan ta asibiti mai buɗaɗɗen baya, ya ja bargo har wuya, ya ƙi yarda a cire masa hula sai da nas ta kawo masa ta leda. Da masu tura gado suka zo, Mansur ya ce su bari, ya kama gadon da kansa ta wajen kai. Muka bi su a baya har ƙofar da ba a wucewa.

A nan Injiniya ya fito da hannu daga bargo ya kama wuyan hannun Mansur. Gadon ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dube shi ido cikin ido.

"Mansur."

Mansur ya rasa inda zai sa kansa, don ba a durƙusawa ana riƙe da gado. "Na'am, Baba."

"Idan ban tashi ba, ka riƙe mini Nafisa. Ba ta da kowa sai kai."

Nafisa tana gefena. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ta zauna a ƙasa a tsakiyar hanya, ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka sosai har da majina. Mas'udu ya ce zai je ya duba motarsa. Ƙofar ta rufe.

Aikin ya yi kyau. An cire ƙarin, an haɗa hanjin. Basudanen ya ce Mansur ya cika alkawari, ya tsaya ta wajen kai tun daga farko, sai dai ya dame su da leƙe. Da Injiniya ya farfaɗo ya fara shan ruwa, Dramani, wanda ba ya iya riƙe magana ko babu allura, ya kwashe abin da ya faru a bakin ƙofa ya gaya masa.

"Ni?" in ji Injiniya. "Allura ce."

"Alhaji, ai lokacin ba a riga an yi maka..."

Na taka masa ƙafa. Ni da kaina na tambayi nas, ko ɗigo ba a sa masa ba kafin ya shiga. "Allura ce," na ce.

"Allura ce," in ji Nafisa, tana gyara masa matashi.

Dramani yanzu yana yawo yana gaya wa mutanen zango cewa Alhaji ne ya ceci ransa, don ba domin shi ba da ɗan tsiron nan yana nan. Duk wanda ya haura hamsin a cikinsu sai ya koro mini shi. Ni kuma na kafa sabuwar doka a ofishina: ɗan rakiya a waje yake jira, in kuwa ya amsa tambaya ɗaya, shi zai hau gado.

Wata Juma'a bayan Injiniya ya warware muka je gaishe shi a gidan Nafisa. Yana kan kujera, ya zauna daidai a kan mazaunansa biyu. Mansur yana kan kafet, kai a ƙasa. Suka gama da hirar tikitin jirgi.

"Baba," in ji Mansur, "yaya jikin abokin naka?"

"Da sauƙi. Ya ce yana fita lafiya, da safe, babu jini."

"Alhamdulillahi. A tuna masa ranar komawa."

"Ya sani."

Sai Injiniya ya ɗaga murya ya ce yarinyar nan ta kawo abinci. Nafisa ta fito da kwano biyu kamar kullum. Ta ajiye ɗaya a gaban mahaifinta, ta juya za ta wuce da ɗayan ɗakin da mijinta yake ci. Injiniya, idonsa a kan talabijin, ya ce ai ba sai an ɓata kwano biyu ba.

Mansur ya tashi ya je ya wanke hannu.